Tsakanin Ƙofa Biyu: Ina Iyakar Ikon Mutum a Kan Cikinsa?

 

Ya kai ɗan'uwa, duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya a ƙasar nan tamu ta Gure da rani, lokacin da makiyaya suke shayar da dabbobi, ya ga wani abu wanda yawan ganinsa ya hana mu mamakinsa. Raƙumi yakan sunkuyar da dogon wuyansa har bakinsa ya kai ga komi a ƙasa, cikinsa kuwa yana can sama. In ka zuba wa wuyan ido sai ka ga ruwa yana hawa, guda na bin guda. Alhali kuwa ruwa ko'ina gangare yake nema, shi ya sa ma dabino da kanwa suke cikin kwari, ba bisa tudun rairayi ba. To, me yake ɗaukar wannan ruwa ya hau da shi? Abin da yake ɗaukarsa a wuyan raƙumi shi ne yake ɗaukar lomar tuwo a cikinka. Ina so mu bi wannan loma, domin a kan hanyarta akwai wata tsohuwar tambaya da masu hankali suka daɗe suna jayayya a kanta: mene ne aikin mutum na gaskiya, wanda za a yaba masa ko a zarge shi a kai, kuma mene ne abin da kawai yake faruwa a cikinsa?

Farkon tafiyar duk a hannunka take. Kai ka miƙa hannu cikin akushi, kai ka gutsuro, kai ka tauna, in ka ga dama ka tofar. Harshenka kuma shi yake tura lomar baya da izininka. Amma da zarar ta taɓa can ƙarshen baki, to, an karɓe ragama daga hannunka. Hanyar hanci ta rufe, maƙogwaro ya ɗaga sama, wani ɗan marfi ya kare hanyar iska, numfashi ya tsaya kamar na sakan guda, duk ba tare da ka ba da umurni ba. In aka sami kuskure kaɗan a nan, shi ne mutum yake ƙwarewa. Daga nan loma ta shiga maƙoshi, watau bututun abinci, wanda tsawonsa ga baligi ya kai kimanin santimita 25.

Bangon wannan bututu, da na hanji gaba ɗaya, tsoka ce hawa biyu. Ta ciki ta kewaye shi kamar zobe, ta waje kuma ta bi tsawonsa. Zoben da yake bayan loma sai ya matse, wanda yake gabanta sai ya saki, sa'an nan matsewar ta gusa gaba, loma ba ta da wurin zuwa sai inda aka buɗe mata. Duk macen da ta taɓa wanke hanjin rago ranar Layya ta san wannan aiki da yatsunta: takan kama hanjin tsakanin yatsu biyu ta matso abin da yake ciki daga wannan kai zuwa wancan. Bambancin kawai, a cikin mai rai hanjin da kansa shi ne yatsun. Larabawa suna kiran wannan aiki haraka dudiyya, watau motsin tsutsa, kuma sunan ya dace. A cikin sakan 8 zuwa 10 loma ta isa tumbi, ko mutum yana zaune, ko yana kwance, ko ma an juya kansa ƙasa.

Tumbi kuwa ba buhun ajiya ba ne kawai, turmi ne. Yana da ƙarin tsoka hawa na uku wadda ta karkata, kuma matsewa tana tasowa daga tsakiyarsa ta gangara wajen ƙofarsa ta ƙasa kamar sau 3 a minti. Ƙofar nan ƙanƙanuwa ce, ba ta barin kome ya wuce sai abin da ya niƙu bai fi milimita 1 ko 2 ba. Sauran sai ya bugi ƙofa ya koma baya a sake dakansa, har awa 2 zuwa 4, gwargwadon abin da aka ci. Kunu yakan wuce da sauri, nama mai kitse yakan daɗe. Daga nan sai ƙaramin hanji, wanda ya kai wajen mita 6 in aka miƙar da shi. A can aikin ba tura gaba ba ne kaɗai. Yawancinsa cuɗawa ce: nan ya matse, can ya matse, sa'an nan tsakiya ta matse, ana raba abincin ana haɗawa, har sau 12 a minti a farkon hanjin, domin jiki ya tsotse amfaninsa. Babban hanji, mai kimanin mita ɗaya da rabi, shi ne mai nawa. Yana shanye ruwa a hankali, sai ƴan lokuta a yini yakan yi wata babbar turawa, musamman bayan an ci abinci, abin da ya sa yaro yakan nemi zagayawa da zarar ya gama kari. Tafiyar duka takan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku. A can ƙarshe, a ƙofar fita, sai a mayar maka da ragama: akwai tsokar da kai kake riƙe ta, ka jinkirta har ka sami wurin da ya dace.

Ka gani ke nan, an ba ka ƙofa biyu, ta shiga da ta fita. Abin da yake tsakaninsu, tafiyar mita bakwai ko takwas, ba ka da ta cewa a ciki, ba ka ma san ana yi ba sai ran da aka daina yi daidai.

To, wa yake ba da umurni a can? Mahauta sun riga malaman asibiti ganin alamar amsar. Wanda ya taɓa fiɗa ya san hanjin dabba yakan ci gaba da motsi ɗan lokaci bayan an yanka ta, an ma fitar da shi waje. A shekarar 1862 wani likita a Jamus mai suna Leopold Auerbach ya gano cewa tsakanin tsokokin nan biyu akwai wata saƙa ta jijiyoyin saƙo shimfiɗe tun daga maƙoshi har ƙasa. A 1899 kuma wasu malamai biyu a Landan, William Bayliss da Ernest Starling, suka yanke jijiyoyin da suka haɗa hanjin kare da ƙwaƙwalwa da laka, suka ga duk da haka in an taɓa wani wuri a cikinsa sai bayansa ya matse, gabansa ya saki. Suka kira wannan dokar hanji. Yau an san ƙwayoyin jijiya da suke bangon hanji sun wuce miliyan 100, kuma akwai wasu ƙwayoyi na musamman da suke kaɗa masa gangar da yake bi. Hanji yana sauraron ƙwaƙwalwa, amma ba ya jiran ta.

Malamanmu na da ba su da madubin ganin waɗannan ƙwayoyi, amma ba su jahilci aikin ba. Ibn Sina, a littafinsa Al-Ƙanun, ya bi likitocin Yunan wajen bayyana ƙarfi huɗu masu hidimar abinci a jiki: mai jawowa, da mai riƙewa, da mai narkarwa, da mai turawa waje, har ya danganta jawowa da zaren tsoka mai bin tsawo, turawa kuma da mai kewayawa. Bayaninsa bai yi daidai da na yau a kowace gaɓa ba, amma ya hango cewa aikin na tsoka ne, kuma ba da zaɓin mai jiki ake yin sa ba. Abin lura shi ne ƙarshen shi wannan babban likita. Murɗar ciki ce ta kama shi, irin wadda Larabawa suke kira ƙulanji. Almajirinsa Juzjani ya ba da labarin cewa don gaggawar warkewa ya ɗura wa kansa magani ta ƙasa har sau 8 a rana guda, hanjinsa ya yi rauni. Ya rasu a Hamadan a 1037. Mutumin da littafinsa ya koyar da likitocin duniya ɗaruruwan shekaru bai iya ce wa hanjinsa tsaya ko tafi ba.

Yanzu mu koma ga tambayarmu. Tun ƙarnonin farko an sami ƙungiya biyu. Jabariyya suka ce mutum ba ya aikata kome, tilasta shi ake yi kamar kara a bakin iska. Ƙadariyya suka ce a'a, mutum shi ne mai ƙagen ayyukansa baki ɗaya. Malaman tauhidi da suka tsaya tsakani sukan kawo misalin hannu: kowa yana jin bambanci a ransa tsakanin hannun da yake karkarwa don zazzaɓi da hannun da aka ɗaga da gangan. A ganina hanyar abinci ta fi hannu bayyana wannan magana, domin a nan iri biyun suna kan layi ɗaya, har kana iya sa yatsa a wuyanka ka nuna inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Mai cewa kome da iyawarsa ne, sai a ce masa ya tsai da loma a tsakiyar ƙirjinsa, ko ya umurci tumbinsa ya gama aiki kafin la'asar. Mai cewa kuma babu kome a hannunsa, sai a tambaye shi wa ya kai hannu akushi. Malaman fiƙihu ma a kan wannan iyaka suka gina hukunci: mai azumin da amai ya rinjaye shi, bai mayar da kome ba, azuminsa yana nan, wanda kuwa ya janyo aman da gangan sai ya rama. Aman ɗaya ne, tsokokin da suka yi shi ɗaya ne, abin da ya raba su shi ne inda abin ya faro.

Sanin wannan iyaka yana ɗauke zargi daga wanda bai cancance shi ba. Akwai jaririn da ake haifa ba tare da saƙar jijiyoyin nan a ƙarshen hanjinsa ba, kamar ɗaya cikin haihuwa 5,000. Wurin sai ya ƙi saki, kashin farko ya ƙi fita har kwana biyu, ciki ya kumbura. Wani likitan yara na ƙasar Danmak, Harald Hirschsprung, ya bayyana ciwon a 1886, kuma tiyata ce maganinsa. A gidajenmu kuwa sau da yawa kafin a tuna da asibiti an riga an tuhumi nonon uwar, ko kishiya, ko wata tsohuwa a unguwa. Ba wanda ya aikata kome, kuma kwanakin da aka ɓata wajen neman mai laifi su ne yaron yake bukata.

Da maganar ta tsaya nan da ta yi sauƙi: naka ƙofa biyu, saura ba ruwanka. Amma iyakar ba katanga ba ce, danga ce, ana zura hannu ta cikinta.

A 1896, shekara guda bayan an gano hasken da yake ratsa jiki ya nuna ƙashi, wani ɗalibin likita a jami'ar Harvard ta Amurka mai suna Walter Cannon ya fara cakuɗa abincin dabbobi da wani gari da hasken ba ya ratsawa, domin ya kalli tafiyarsa a cikin mai rai. Da yake kallon tumbin kyanwa, sai ya ga matsewa tana bin matsewa cikin tsari. Amma da kyanwar ta firgita ko ta fusata, nan take motsin ya tsaya cik. Da aka shafa ta hankalinta ya kwanta, sai ya dawo. Ashe tsoro yana isa inda umurni ba ya isa. Ka duba wannan, ya kai maigida. Ba ka iya tsai da hanjinka da niyya, amma kana iya tsai da na ɗanka da tsawa. Gidan da ba a tuna laifin yaro sai an ajiye akushi, da makarantar da almajiri yake haɗiyar loma idonsa na kan bulala, da matar da take cin tuwo tana jiran abin da zai biyo baya, duk a can akwai hannun wani a cikin cikin wani. Wanda ya kawo hatsi gida ya kuma kawo fargaba tare da shi bai gama ciyarwa ba.

Haka kuma abin da muke wucewa da shi ta ƙofar farko. Ƙwayar tramol, wadda wasu samari suke sha don su jure noma ko tuƙin kabu-kabu, tana cikin dangin magungunan da suke kama jijiyoyin hanji su rage turawarsa. Abinci ya daɗe a babban hanji, ruwansa ya shanye, bayan gida ya bushe ya yi tauri. Mai shan ba zai ce ba shi ya tsai da hanjinsa ba don bai umurce shi ba. Ya zaɓi sababi, abin da sababin ya haifar kuwa yana biye da shi. Uwa ma, cikin tausayi, takan sayi ƙwayar tsai da zawo ta ba ƙaramin yaro. Likitoci sun hana wannan ga ƙananan yara, domin tsai da motsin hanji ba ya mayar da ruwan da jiki ya rasa, yana ma iya kumbura ciki. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka yi umurni da shi tun 2004 shi ne ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, a kuma ci gaba da shayarwa da ciyarwa.

Sai dai wuri mafi wuya a wannan tambaya shi ne ɗaya gefen dangar, inda ciki yake zuro nasa hannun cikin zaɓinmu. Hanji ba ya hutawa don babu abinci. In ciki ya zama wayam, kowane minti 90 zuwa 120 wata matsewa mai ƙarfi takan taso daga tumbi ta bi ƙaramin hanji har ƙarshensa, tana share ragowar abinci da ƙwayoyin cuta, kamar mai sharar tsakar gida bayan baƙi sun watse. Ƙugin da mai azumi yake ji da rana yana da alaƙa da wannan shara. Ga wanda ya san akwai buɗa-baki, wannan ƙugi abin murmushi ne. Ga wanda rumbunsa ya ƙare tun bazara, alhali gero bai ko fitar da kai ba, wata magana ce daban. Mu a jihar Damagaram ba labari aka ba mu ba. An ga 1984, an kuma ga 2005, bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango na daminar 2004, shekarar da ƙungiyar likitoci ta MSF ita kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar. Yaron da yunwa ta daɗe a jikinsa, hanjinsa kansa yakan raunana, har in an same shi ba a cika masa ciki lokaci guda, sai a bi shi da madara ta musamman kaɗan kaɗan.

To, mutumin da wannan motsi yake murɗa dare da rana, ba da zaɓinsa ba, in ya miƙa hannu ga abin da ba nasa ba, aikinsa ne ko abin da ya faru a cikinsa ne? Ba zan ce zaɓinsa ya gushe ba, domin an ga mayunwata da yawa da suka riƙe mutuncinsu. Amma ba zan yarda mai ƙoshi ya auna shi da mudun kansa ba. Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya, kuma haƙuri ma da ruwan ciki ake jan sa. An ruwaito cewa a shekarar yunwa da ake kira Amur Ramada, shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar bai zartar da haddin sata a kan waɗanda yunwa ta tura ba. A wannan shekarar kuma ya haramta wa kansa man shanu, ya koma cin man zaitun har launinsa ya sauya, cikinsa yana ƙugi. Masu tarihi sun ce yakan taɓa cikin da yatsa ya gaya masa ya yi ta ƙuginsa, ba shi da wani abu a wurinsa sai mutane sun farfaɗo. A cikin mutum ɗaya ga abu biyun nan a fili: ƙugin ba nasa ba ne, bai kuwa yi da'awar zai iya hana shi ba, amma ƙofar tasa ce, ya kuwa tsare ta. Ya tsananta wa kansa a inda yake da iko, ya sassauta wa talakawa a inda ikonsu ya ƙuntata. Mu kuwa sau da yawa mukan juya abin: in namu cikin ne sai mu ce ai jiki ne ya bukata, in na maƙwabci ne sai mu ce rashin tarbiyya ne.

Wani zai ce, in haka ne ashe rabon mutum ƙanƙane ne ƙwarai, taku ɗaya a farko, taku ɗaya a ƙarshe. Gaskiya ne, ƙanƙane ne, kuma ina ganin rahama ce da ya zama haka. Da an ɗora maka matse tumbinka sau 3 a kowane minti, da yaushe za ka yi barci, da yaushe za ka yi noma? Da mantuwar awa guda ta isa ta kwantar da kai.

Wanda yake son ganin darajar wannan aiki da ba a gode masa, ya je ɗakin waɗanda aka yi wa tiyatar ciki, a asibitin Damagaram ko wani. Bayan an taɓa hanji da hannu yakan yi shiru, ƙaramin hanji na ƴan awoyi, tumbi kwana ɗaya ko biyu, babban hanji kwana biyu zuwa uku, wani lokaci fiye. Mai jinya yana zaune da kwanon kunu, majinyaci yana kwance ciki a kumbure, dukiyarsa da iliminsa da yawan mutanensa ba su iya motsa taƙi ɗaya na hanjinsa. Da safe likita zai zo ya ɗora abin saurare a kan cikin, ya yi shiru yana neman ƙugi. Sa'an nan ya yi tambayar da a ko'ina ban da nan abin kunya ce, ko dattijo ne a kwance: «Baba, ka fitar da iska?» Ran da aka ce e, sai ka ga fuskar ƴaƴansa ta washe, wani ya fita waje ya kira gida ya ce a dama kunu.